Glover da Hausawansa: sojan ruwan Ingila da ya haɗa runduna da mutanen da aka sayar daga ƙasarmu

1/ A 2023 rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta yi bikin cika shekara 160. Ku cire 160 daga 2023, za ku ga 1863. A shekarar nan babu wata ƙasa mai suna Najeriya, Lugga ma yana ɗan shekara biyar. To wa ya kafa rundunar? Wani hafsan sojan ruwan Ingila ne, John Hawley Glover. Sojojinsa na farko kuwa Hausawa ne. Zaren yana da tsawo, a gyara zama 🧵

2/ Abin da nake so mu duba shi ne sunan da mutumin nan ya bari. A Legas akwai babban ɗakin taro da titi masu sunansa. A Kanada akwai gari sukutum mai sunansa. A littattafan soja shi ne uba. Amma mu nan Dabawa, da Dutsin-Ma da Kurfi, ya kamata mu yi wata tambayar daban: su waye Hausawan da ya tara, kuma me ya kai su bakin teku tun farko?

3/ Bari mu fara da shi kansa. An haifi Glover a 1829, ɗan wani limamin coci ne. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1841, wato yana da shekara 12. Haka ake yi a lokacin, yaro ya girma a cikin jirgi. An ji masa rauni a yaƙin Bama a 1853, ya kuma yi aiki a zamanin yaƙin Kirimiya. Gwaninsa shi ne awon ruwa da zana taswirar kogi.

4/ Kar a haɗa shi da Clapperton fa. Shi ma sojan ruwan Ingila ne, shi ne ya zo Kano da Katsina da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo karo na biyu ya mutu a Sakkwato a 1827. Clapperton baƙo ne mai kallo da rubutu. Glover mulki ya yi, kuma runduna ya bari.

5/ A 1857 aka tura Glover cikin tawagar Dakta William Baikie, su hau kogin Kwara da wani jirgi mai tururi, Dayspring. Har Samuel Ajayi Crowther na cikin jirgin, wanda shi kansa tsohon bawa ne, daga baya ya zama bishop. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya lalace. Suka maƙale a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgin ya zo.

6/ Wannan haɗarin ne ya juya rayuwar Glover. Tunda babu jirgi, sai tafiyar ƙasa tsakanin kogin Kwara da Legas, ta cikin ƙasar Nufe da ƙasar Yarabawa. A wannan kai da kawo ya haɗu da mutanen da za su yi masa suna: bayi 'yan Arewa da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, masu son wanda zai tsaya musu. Ya ɗauke su 'yan rakiya da ɗaukar kaya, ya ga ƙwazonsu.

7/ Nan fa sai mun tsaya, don nan ne labarin ya zama namu. Me Bahaushe yake yi cikin bauta a Legas, ko Abekuta, ko Badun? Ba Bature ne ya zo Katsina ya kama shi ba. A lokacin Bature bai da ikon ko ɗaga murya a ƙasar Hausa. A gida aka kama shi, a gida aka sa masa kuɗi.

8/ Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, gidan tsofaffin sarakunan suka yi arewa, suka kafa Maradi. Daga nan kusan duk ƙarnin ya tafi a kai hari da ramuwa tsakanin Katsina da Maradi da Gobir. Yammacin ƙasar Katsina, wajen Ruma da dajin Rugu, ya sha wannan wuya ƙwarai. Duk harin da aka kai, ta kowane ɓangare, ana komawa da mutane a ɗaure.

9/ Wani a sa shi noma a rinji, wani a fanshe shi in danginsa na da hali, wani kuma a miƙa shi gaba. Hanya ɗaya ta bi hamada zuwa Tarabulus. Ɗaya ta yi kudu, ta Zariya da Bida da Ilori har bakin teku. A ƙasar Yarabawa ana neman bayi 'yan Arewa saboda sun iya kiwon doki da shanu, da wanzanci, da tufkar igiya. Gambari suke kiransu.

10/ Waɗannan mutane kuwa ba su taɓa zama shiru ba. A 1817, da Afonja na Ilori ya yi wa Alafin na Oyo tawaye, bayi Musulmi 'yan Arewa ne suka gudo suka cika masa runduna. A can Bahiya ta Burazil, bayi Hausawa sun yi ta yunƙurin tawaye tun daga 1807. Don haka Glover bai ƙirƙiro jarumtarsu ba. Ya tarar da ita ne, ya san yadda zai more ta.

11/ Yanzu mu koma Legas. A Disamba 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka dawo da Akitoye, da hujjar hana fataucin bayi. Ranar 6 ga Agusta 1861 aka sa ɗansa Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin ga Ingila. A 1863 Glover ya karɓi riƙon mulkin Legas, daga 1866 zuwa 1872 kuma shi ne cikakken mai gari.

12/ Matsalarsa ta farko ita ce tsaro. Sojan Bature in ya zo, zazzaɓin cizon sauro ke kayar da shi. Sojojin baƙar fata da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan kuma suna da tsada. Ga shi Landan ba ta son kashe kuɗi: a 1865 wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ma ya ba da shawarar a daina faɗaɗa mulki a Afirka ta Yamma, a shirya janyewa daga yawancin wuraren.

13/ Sai ya duba waɗanda ke gabansa. Tarihin da rundunar sojan Najeriya ke bayarwa ya ce da mutum 18 'yan Arewa ya fara a 1863, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga baya aka faɗaɗa su, aka mai da su 'yan sanda masu bindiga na gwamnati, aikinsu rabi ɗan sanda rabi soja. Shi ya sa 'yan sandan Najeriya ma ke jawo tarihinsu daga wannan zamani.

14/ Ku sa kanku a matsayin ɗaya daga cikin 18 ɗin nan. Ka gudo daga gonar ubangijinka, in an kama ka ka san sauran. Gida ya yi nisa, kuma a hanyar komawa ana iya sake kama ka a sayar. Sai ga wani ya ce ga kaki, ga albashi, ga bindiga, kuma ba mai taɓa ka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

15/ Ni dai ba na ganin laifinsu, kuma ba zan kira su maciya amana ba. Amanar wa suka ci? Garin da ya kasa kare su, ko kasuwar da ta sa musu farashi? 'Yancin da suka samu a hannun Glover na gaske ne. Mutum ya tashi daga kayan sayarwa ya koma mai albashi, yana iya aure, yana iya mallakar gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

16/ Amma shi ma Glover ya yi lissafinsa. Waɗannan mutane baƙi ne a Legas. Ba su da dangi a fadar Dosunmu, ba su da tausayin attajiran da suka bautar da su, addininsu da harshensu daban. In aka ce su harbi mutanen gari, ba ɗan uwansu a ciki. Kuma ba su da inda za su je in sun bar shi. Sojan da ba shi da kowa sai kai, shi mai mulkin mallaka ke so.

17/ Turawa sun koyo wannan dabara a Indiya. Bayan babban boren 1857, suka ƙirƙiro ra'ayin cewa wai akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi, irin su Sik da Gurka, su za a riƙa ɗauka. A Afirka ta Yamma sai suka liƙa wa Bahaushe wannan lamba. Yabo ne a baki, amma ma'anarsa: wannan zai yi mana yaƙi da arha, kuma ba zai haɗa kai da mutanen gari ba.

18/ Wani abin lura: ba duk wanda suka rubuta Bahaushe ne Bahaushe ba. Akwai Nufawa, Barebari, Fulani, Gwarawa, Yarabawa Musulmi, daga baya har Gurunsawa da Zabarmawa. In kana jin Hausa, ko kana salla, ko daga Arewa aka kawo ka, shi ke nan ka zama Hausa a rajista. Ta haka Hausa ta zama harshen bariki, har ta haifi abin da ake kira Barikanci.

19/ To me ya yi da rundunar? A Maris 1865 mayaƙan Egba na Abekuta sun yi wa garin Ikorodu ƙawanya. Glover ya ba su wa'adi su tashi, suka ƙi. Ya aika sojojin Karibiyan da Hausawansa da rokoki, aka tarwatsa su. Wannan ne karo na farko da wata babbar rundunar Yarabawa ta cikin ƙasa ta ɗanɗana irin wannan wuta daga gwamnatin Legas.

20/ Egba ba su manta ba. A 1867 suka kori Turawan mishan daga Abekuta, aka farfasa coci-coci. Kiristocin Egba da suka gudo, Glover ya yanka musu fili a Ebute Metta ya zaunar da su. Shi ya sa har yau zuri'arsu ke ganin sa da mutunci. Mutum ɗaya, a Abekuta azzalumi, a Ebute Metta mai ceto, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa.

21/ A cikin garin Legas kam ya yi aiki, ba a musu. Ya buɗe tituna, ya sa fitilun kan hanya, ya gyara kasuwanni da bakin ruwa. Yana zama ya saurari ƙarar talaka da kansa. Yarabawa suka juya sunansa zuwa Goloba. Amma mutum ne mai kafiya da son a bi nasa, har Sarki Dosunmu ya ci wa tara da suka samu saɓani a 1863.

22/ Kafiyar ce ta kai shi ƙasa. Egba da Ijebu su ne ke tsakanin Legas da cikin ƙasa, duk manja da auduga ta hannunsu suke bi. Babban ƙorafinsu biyu ne: Glover na neman hanyar da za ta kewaye su zuwa Badun, kuma Legas ta zama mafakar bayinsu da ke gudu. Suka rufe hanyoyi, ciniki ya tsaya cik, 'yan kasuwa suka fara kuka.

23/ A 1872 sabon babban gwamnan yankunan Ingila na Afirka ta Yamma, John Pope Hennessy, ya zo ya ɗora laifin a kan Glover. Glover ya tafi gida, ba a sake dawo da shi kujerar Legas ba. Ku lura fa: ba don ya harbi Egba aka ture shi ba. Sai da kuɗin 'yan kasuwa ya tsaya tukuna aka ga laifinsa.

24/ Bai daɗe a zaune ba. A 1873 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Ashanti, a ƙasar da yau ake kira Gana. Kakanninmu sun san wannan ƙasa sarai, don daga can goro ke zuwa. Ayarin fatake daga Kano da Katsina kan yi watanni a hanya zuwa kasuwar Salaga a Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro.

25/ Glover ya ce a ba shi dama, zai tara Hausawa ya shiga Ashanti ta gabas, ta kogin Bolta. Aka ba shi. Shi kuma Janar Garnet Wolseley aka ba shi babbar runduna mai sojojin Turawa, ya taso daga Kef Kos kai tsaye. Mutanen biyu ba su jitu sosai ba. Wolseley na ganin Glover na ɓata lokaci da makamai a wani yaƙin gefe.

26/ Yadda ya tara mutane a Akra ya nuna komai. Hausawan da ke wurin da yawa bayi ne a gidajen attajirai. Iyayengiji suka hana su fita, har da ɗaure wasu, aka yi rigima. Ƙarshe dai sai da aka riƙa biyan ubangijin bawa kuɗi kafin a sa bawan a kaki. Masu suka suka ce wannan ai sayen bayi ne da kuɗin gwamnati. Masu kare shi suka ce fansa ce.

27/ Dubban mayaƙan sarakunan bakin teku da ya tara, yawancinsu suka ƙi yin gaba, don su damuwarsu maƙwabtansu na hayin Bolta ne. Ranar 15 ga Janairu 1874, da ya haye kogin Pra ya shiga ƙasar Ashanti, waɗanda ke tare da shi ba su kai dubu ɗaya ba, kuma Hausawa da Yarabawa ne. Masu gida sun tsaya, baƙi ne suka bi shi.

28/ Ranar 17 ga Janairu aka yi artabu a wani gari, Abogu. Aka harbi wani saje-manja Bahaushe, sunansa a takarda Braimah Doctor. Braimah dai Ibrahim ne a bakin mutanen can. Wani hafsa, Reginald Sartorius, ya shiga cikin ruwan harsashi ya janyo shi. Raunin na ajali ne. Aka ba Sartorius Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila.

29/ Ku ɗan tsaya a kan wannan. Mun san sunan Ibrahim ne kawai saboda Bature ya samu lamba a kansa. Su 18 na farko, tarihin da ake maimaitawa kullum ya kawo adadinsu ne, bai kawo sunan ko ɗaya ba. Glover kuwa matarsa ta rubuta littafi guda a kan rayuwarsa, aka buga a 1897. Wanda ke da mai rubuta masa shi ke da suna.

30/ Wolseley ya ci yaƙin Amoaful ranar 31 ga Janairu, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya ƙone ta, ya juya da sauri saboda ruwan sama da ciwo. Glover ya iso ranar 12 ga wata ya tarar da toka. Sartorius ma da Hausawa 20 kacal ya ratsa ta cikin kangon garin don ya cim ma Wolseley.

31/ Masu yi masa ba'a suka ce ya zo bayan an share fage. Masu kare shi suka ce jin wata runduna na tahowa ta gabas ne ya sa Sarki Kofi Karikari ya aiko a yi sulhu. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Ashanti tarar zinariya oza 50,000. Majalisar Ingila ta gode wa Glover, aka ba shi lambar GCMG, ya zama Sir John.

32/ Yaƙin ya taɓo har kasuwanninmu. Da Kumasi ta raunana, Salaga da sauran garuruwan arewa suka fita daga hannunta. A shekarun da suka biyo baya goro ya fara bin teku zuwa Legas, sannan ya hauro Arewa. Wannan hanyar ruwa ce Alhassan Ɗantata ya mora daga baya. Bindigar da aka harba a dajin Ashanti ta canja hanyar goron da ake rabawa a ɗaurin aure a Katsina.

33/ Daga nan Glover ya bar Afirka. Ya yi gwamnan Newfoundland, wadda yau take cikin Kanada, daga 1876 zuwa 1881, ya yi gwamnan tsibiran Leeward a Karibiyan, ya sake komawa Newfoundland a 1883. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba 1885, yana da shekara 56. Garin Glovertown sunansa ya ci. A Legas mutanen gari suka tara kuɗi aka kafa harsashin ɗakin tunawa da shi a 1887.

34/ Ya mutu, dabararsa ba ta mutu ba. Hausawan da aka bari a ƙasar Gana su ne tushen rundunar da ta zama sojan Gana, kirarinta ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Sarki Leopold na Beljiyam ya ɗebi Hausawa zuwa Kwango. Jamusawa sun ɗauke su a Togo da Kamaru. Kamfanin Neja na Goldie ya yi amfani da irinsu ya ci Bida da Ilori a 1897.

35/ A 1897 ɗin aka ba Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF. A 1901 tsofaffin Hausawan Glover suka shiga cikinta a matsayin bataliyar Legas. Rundunar da ta yaƙi Arewa wani reshe ne daban, amma tsarin iri ɗaya ne: hafsoshi Turawa kaɗan, sauran duk baƙar fata, da yawansu masu jin Hausa kuma tsofaffin bayi.

36/ Ga adadi. Rundunar Kanar Morland da ta fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Turawan cikinta ba su kai 40 ba, baƙar fata kuwa sun haura 700. Sai Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sai Burmi ranar 27 ga Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. In an ce Turawa sun ci ƙasar Hausa, a tambaya yatsan wa ke kan kunamar bindigar. Da ɗan gari a kan ci gari.

37/ Katsina ba a yi yaƙi ba. A ƙarshen Maris 1903 Lugga ya taso daga Sakkwato, Sarki Abubakar ya tarbe shi. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ya shiga, ƙofar da ke ɗauke da sunan sarautar da hakimin Dutsin-Ma ke riƙe da ita. Ba a jima ba aka cire Abubakar, aka naɗa Yero, a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko. Shekara 40 ke nan daga mutum 18 zuwa ƙofar Katsina.

38/ Kar kuma wani ya ce ai don hana bauta suka zo. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta 'yanta yaran da za a haifa daga lokacin, amma ta bar waɗanda ke hannu a hannun iyayengijinsu, don kar noma ya tsaya kuma sarakuna su yi bore. Sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Inda 'yanta bawa zai ba su soja sun yi sauri, inda zai rage haraji sun yi jinkiri.

39/ To a wace ma'auni za mu ɗora Glover? Ni ga yadda nake gani. Jarumi ne, mai aiki tuƙuru, kuma ya tsaya wa bayin da suka fake da shi a lokacin da hakan ke jawo masa rigima. Wannan gaskiya ne. Kuma shi ne ya nuna wa Ingila yadda za ta ci ƙasar baƙar fata da jinin baƙar fata, a farashi mai sauƙi. Wannan ma gaskiya ne.

40/ Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu tsaya a zagin Bature mu tafi. Glover bai kama ko mutum ɗaya a ƙasar Katsina ba. Ya tsinci abin da aka jefar ne. Al'ummar da ta mai da 'ya'yanta da na maƙwabtanta kayan sayarwa, ita ce ta tara wa baƙo sojojin da suka dawo mata bayan shekara 40 da igwa.

41/ Shi ya sa labarin nan ba tsohon zance ba ne a wurinmu. Dajin Rugu da ya ga hare-haren ƙarni na 19, yau ma shi ne a bakin kowa daga Safana da Batsari da Ɗanmusa har Kurfi da Dutsin-Ma. Ba na cewa yau da jiya ɗaya ne. Amma tambayar ba ta canja ba: yaron da ba makaranta, ba gona, ba mai tsaya masa, wa zai fara miƙa masa bindiga da abinci?

42/ Kuma duk wanda ya miƙa, shi zai nuna inda za a harba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ya shafi ɗan daji da ke ɗaukar yara, ya shafi ɗan siyasa da ke tara 'yan daba lokacin zaɓe ya watsar da su bayan an rantsar da shi. Hanyar tara su iri ɗaya ce da ta 1863: a nemo wanda bai da kowa.

43/ Ga 'yan uwanmu da ke cikin kaki, soja ko ɗan sanda, ko rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar a Oktoba 2023: wannan zare ba suka ba ne gare ku, Allah Ya kare ku. Bambancinku da Hausawan Glover shi ne ku mutanenku kuke karewa, kuma kuna da gidan komawa. Riƙe wannan bambanci aikinmu ne duka, da ku da masu ba ku umarni da mu da ke gari.

44/ Roƙona ga ɗaliban tarihi, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita: a garuruwanmu akwai gidajen da kakansu ya je Bama a yaƙin duniya na biyu, ko ya yi aikin soja zamanin Turawa. Ku je ku zauna da tsofaffi, ku ɗauki murya a waya, ku rubuta suna da gari da shekara. Kar su ma su koma adadi kamar 18 ɗin can.

45/ Nan zan dakata. In a gidanku akwai tsohon soja na zamanin Turawa, ko kuna da dangi a zangon Kumasi ko Akra ko Legas tun na da, ku faɗa mana a ƙasa. Wanda ke ganin na yi wa Glover sassauci, ko na yi masa tsanani, shi ma bismilla, a kawo hujja cikin mutunci. A tura wa wasu su karanta. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.